Cinikin Biri a Sama: Yadda Jirgin Wasan Yara Ya Zama Hajar Gwanjo

A shekarar 1957 kamfanin Lionel na Amurka ya yi wani lissafi da bai fita ba. Ya ga yara maza ne kaɗai ake saya wa jirgin ƙasa na wasa, sai ya ƙera na 'yan mata: kan jirgin ruwan hoda, taragai kuma kowanne da nasa launi mai haske. Yarinyar da ke son jirgi, baƙi take so irin na tasha. Wadda ba ta so kuwa, fenti bai sauya mata ra'ayi ba. Kaya suka yi kwantai, har ana ba da labarin wasu masu kantuna sun shafe shi da baƙin fenti don su rabu da shi. Da shekaru suka ja, ƙarancinsa ya mai da shi abin nema, kuɗinsa ya kai dubban daloli, sai aikin ya juya. Masu wayo suka riƙa samo baƙin kan jirgi na gama-gari mai lamba 2037 suna fesa masa ruwan hoda. A 1991 kamfanin ya sake fito da shi sabo, ruɗani ya ƙaru.

Wannan labarin nake ba duk wanda ya ce mini intanet ce ta kawo algus cikin wannan kasuwa. Algus ya girmi shafin gwanjo na eBay nesa ba kusa ba. Abin da intanet ta yi shi ne ta raba mai saye da taɓa kaya, ta raba mai sayarwa da jin kunya.

Asalin sana'ar a Jamus yake. Gidan Märklin na garin Göppingen, wanda aka kafa a 1859, shi ya je kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891 da dabarar da har yau ake cin abinci da ita: faɗin layin dogo tsayayye, yadda taragon da ka saya bana zai hau layin da ka saya bara. Abin wasa ne da ba a gama sayensa. A Ingila, Frank Hornby, wani akawu ɗan Liverpool da ya ƙirƙiro kayan wasan Meccano, ya fito da jirgi mai wani da mabuɗi a 1920, sannan a 1938, bayan rasuwarsa, kamfaninsa na Meccano ya fito da ƙaramin samfurin da ake kira Hornby Dublo. A wancan zamani farashi ɗaya ne, yana rubuce a littafin kayan kamfani. Uba ya saya lokacin Kirsimeti, yaro ya yage kwali, uwa ta jefa shi a shara. Da sun sani!

Roba ce ta kayar da Dublo. Tun 1950 wani ƙaramin kamfani mai suna Rovex ya fara yi wa kantunan Marks & Spencer jirgi na roba, wanda daga baya ya zama Tri-ang. Bai kai Dublo nauyi ko kyau ba, amma ya fi araha, kuma layinsa ƙarfe biyu ne kamar na gaske, alhali Dublo bai bar layi mai ƙarfe uku ba sai da ya fara gwada mai biyu a 1959. A 1964 masu Tri-ang suka haɗiye Meccano. Wasu daga cikin ma'aunan zubin Dublo suka koma hannun kamfanin Wrenn, ya ci gaba da amfani da su har ya rufe a 1992. Daga ranar da masana'anta ta rufe, adadin kayanta ba ya ƙaruwa, sai dai ya ragu. Su kuma yaran jiya sun zama magidanta masu albashi, suna neman abin da iyayensu suka kasa saya musu. Kuɗin da suke biya, rabinsa na kewar yarinta ne.

Zamanin da ya biyo baya shi ne, a ganina, lokacin da kasuwar ta fi tsafta, ba don mutanen waliyyai ba ne. A 1954 aka kafa ƙungiyar masu tara jirage ta Amurka, wadda taronta na garin York a jihar Pennsylvania ya zama babbar kasuwa. Masu tara kayan Hornby a Ingila suka kafa tasu a 1969. Ana haɗuwa a zauren coci ko na makaranta ranar hutu, kowa ya baje a tebur. Ka ɗauki jirgi ka ji nauyinsa, ka juya cikinsa, ka shinshina ko mashin ya taɓa ƙonewa, ka ɗora shi a layin gwaji ka ga ko zai motsa. Ƙungiyar Amurka har ta tsara matakan bayyana lafiyar kaya, ta kuma wajabta a sa alama a jikin abin da aka sake wa fenti. Wanda ya cuce ka a watan Afrilu zai sake haɗa ido da kai a Oktoba, kuma kafin nan labarinsa ya zaga zaure.

Sai ga 1995. Pierre Omidyar ya buɗe shafin gwanjon da ya zama eBay, kuma cikin abubuwan farko da aka sayar akwai wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, a kan dala 14.83. A yaba masa, ya faɗa wa mai saye cewa a lalace take. Reshen Ingila ya buɗe a 1999, kowa ya hau saman silin ya sauko da akwatin kakansa. A nan gaskiya ta fito: yawancin abin da ake cewa yana da wuyar samu, wuyar samu yake a garinku kawai. Kan jirgin Tri-ang mai suna Princess Elizabeth, wanda aka zuba shi ba adadi, ya cika shafi. Bisa ƙa'idar kasuwa farashin irinsa ya faɗi, kuma ya faɗi ɗin. Amma a 2000 shafin ya ƙaro hanyar yanke farashi ba tare da gwanjo ba, kuma da yake saka talla kusan kyauta ne, mutum na iya rubuta fam 300 a kan kayan fam 15 ya bar shi shekara da shekaru. Ba ya biyan haya, ba wanda zai yi masa dariya a gabansa.

Masu wannan talla suna da yarensu, kuma duk wanda ya daɗe yana leƙa shafukan ya iya fassara shi. In an ce ba a gwada ba, galibi an gwada ne ya ƙi tashi. In an ce kayan marigayi ne, mai tallar bai san komai game da jirage ba, duba tarihinsa, sau da yawa za ka tarar ya sayar da ɗaruruwa. Hoto kuwa ta gefen da ba tabo ake ɗaukarsa. Akwai wata cuta da hoto ke iya ɓoyewa: in dalma ta gauraya da tutiyar da aka yi zubi da ita, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya tsattsage, ya marmashe a hannu, kuma ba ta da magani. Ta ci kayan Dublo da na Märklin na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma sake ɓullowa a wasu kawunan dizal da aka ƙera wa kamfanin Hornby a Sin a shekarun 2000. Taragan Tri-ang na farko su kuma robarsu lanƙwasa take yi, mai talla sai ya ɗauko su ta gaba.

Kwalin nan da aka jefar a da, yanzu shi ne sarki. Jirgin Wrenn a cikin kwalinsa na asali mai hatimi ya fi tsirararsa kuɗi sosai, don haka ake cinikin kwali zalla, ake buga na jabu, ake aurar da jirgi da kwalin da ba su taɓa haɗuwa ba.

Akwai kuma tsohuwar dabarar sa ɗan'uwa ko aboki ya riƙa ƙara tayi don ya tunzura mai saye na gaske. Malaman fiƙihunmu sun san ta, ita ce najashi, kuma haramcinta a shari'a sananne ne. A 2010 wata kotu a Ingila ta ci tarar wani mutum da ya riƙa taya kayansa da kansa a eBay da wani suna na biyu.

Duk da haka ba 'yan damfara ne suka fi ba ni haushi ba. Ɓarnar da ta fi yaɗuwa ita ce ta farashin da ba wanda ya taɓa biya. Tsoho ya rasu ya bar jirage, 'ya'yansa su duba shafi su ga irin nasa an sa fam 400, su ma su sa 400, na uku ya gani ya sa 450. An tayar da farashi ba tare da an yi sallama ko sau ɗaya ba. Shafin yana da wurin da ake duba abin da aka sayar da gaske, kuma bambancin yakan tayar da hankali. Ga shi kuma masu tara Dublo na asali sun tsufa, suna barin duniya, akwatunansu na shigowa kasuwa fiye da yadda masu nema ke ƙaruwa.

Kamfanonin ma sun koyi darasin jirgi mai ruwan hoda, suna ƙera ƙaranci da gangan. A 2020, da Hornby ya cika shekara 100 da fara jirgi, ya farfaɗo da sunan Dublo, da gangar jiki ta ƙarfe da kwali irin na da, a ƙayyadadden adadi. Ya ƙare a kantuna nan da nan, ya ɓullo a shafukan gwanjo da ƙarin kuɗi, yawancinsa ko fito da shi daga kwali ba a yi ba.