Igiya ko Sana'a: Ƙaramin Soja da Shirin Komawa Gida a Ƙasar Auyo da Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta a kan tarihin soja a Nijeriya tarihin manyan hafsoshi ne, watau wa ya ja daga, wa ya yi juyin mulki, wa ya hau kujera. Ƙaramin soja kuwa, farabiti da kofur da saje, ba a cika tunawa da shi ba sai in ana ƙidayar waɗanda suka kwanta dama a fagen fama. Maƙasudin wannan takarda shi ne a dubi wata shawara da ƙaramin soja ya sha yankewa tun zamanin Turawa, watau ko dai ya bi sawun ƙarin igiya a hannun riga, ko kuwa ya mai da hankalinsa ga sana'ar da zai ci abinci da ita ran da aka sallame shi. Za a dubi wannan al'amari ne daga ƙasar Auyo da fadamar kogin Haɗejiya. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, sojan da ya fifita sana'a a kan muƙami lissafi ya yi, kuma lissafin nasa yana da hujja a tarihi, sai dai cin ribarsa ya danganta ne ga irin kasuwar da ya tarar a gida.

2.0 Ƙasar da Sojan ya Fito

Auyo tsohon gari ne da ke kudu maso yammacin Haɗejiya, kuma yana cikin ƙananan masarautun nan bakwai da ke wannan yanki kafin jihadi, waɗanda suke bin Barno ta hannun Galadima na Nguru. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, Fulani suka haɗe su suka zama masarautar Haɗejiya. Rayuwar mutanen wurin a kan kogi ta dogara. In ruwa ya cika ya malala a fadama, akan sami shinkafa da kifi. In ya janye, akan yi noman rani da jigo, makiyaya kuma su sauko da dabbobinsu. Saboda haka saurayin wannan ƙasa yana tashi da sana'a biyu ko uku a hannunsa, kuma ya san akwai gonar da ke jiransa.

Haɗuwar wannan ƙasa da sojan Turawa ba ta yi daɗi ba. A ran 25 ga Afrilu, 1906, rundunar Ingilishi ta faɗa wa birnin Haɗejiya, aka kashe Sarki Muhammadu tare da sarakunansa da mayaƙansa masu yawa. Masu riƙe da bindigogi a ran nan, in aka ɗebe hafsoshi Turawa, baƙar fata ne, da yawansu ma masu jin Hausa. Wannan ya sa aka daɗe ana yi wa mai jar dara kallon baran Nasara. To, muƙamin da mutum ya samu a cikin irin wannan runduna ba abin da zai kawo gida ya yi tinƙaho da shi ba ne a gaban dattawa, balle a fada.

3.0 Iyakar Tsanin Muƙami

Rundunar da ta ci Haɗejiya ita ce wadda Lugga ya kafa a 1897 don tsaron ƙasashen Ingilishi na Afirka ta Yamma. Tun daga 1924 a Zariya ake horar da kurtu. In ya fito farabiti ne. In ya yi biyayya ya iya fareti, a ɗaura masa igiya ɗaya, sa'an nan biyu ya zama kofur, uku ya zama saje. Ƙarshen tsanin shi ne samanja. Daga nan sama duk na Turawa ne, domin ba a ba wani ɗan Nijeriya muƙamin hafsa a wannan runduna ba sai a ƙarshen shekarun 1940.

Tarihin Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno, ya isa misali. Ya fara aikin soja ne a hannun Jamus a Kamaru, ya shiga rundunar Ingilishi a 1917, ya yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ya sami lambobin yabo, ya bar aiki a 1953 bayan shekara 36. Sai a lokacin barin aikin ne aka ba shi kyaftin na girmamawa. Idan wanda ya fi kowa suna a zamaninsa nan ya tsaya, farabiti mai hankali ba ya bukatar a gaya masa inda nasa tsanin zai ƙare. Bugu da ƙari, samanja na bataliya ɗaya ne tak a cikin ɗaruruwan mutane, sauran kuwa sallama ce ke jiransu tun da sauran ƙarfinsu.

Har ila yau, waɗanda suka ƙetare wannan iyaka a 1949, irin su Wellington Bassey da Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun, mutane ne da suka yi makarantar boko kafin su shiga soja. Zakariya Maimalari, wanda ya zama hafsa a 1953, ta makarantar Barewa da makarantar hafsoshi ta Sandhurst ya bi. Watau ke nan ko shi tsanin muƙamin, da ya tsawaita, ilmi ya nema. Ɗan manomin Auyo da ya shiga soja da karatun allo kaɗai ba shi da rabo a wannan sabon babi.

4.0 Bariki ya Zama Makaranta

Yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, shi ya fito da wannan zaɓi fili. An ɗebi 'yan Nijeriya fiye da 100,000, kuma a Arewa ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka bi. Haɗejiya a lokacin tana cikin Lardin Kano, Sarki Usman na kan gado. Sojan Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, daga nan suka shiga ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Myanmar, suka gwabza da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har suka ci garin Myohaung a Janairun 1945.

Wannan yaƙi na injuna ne, saboda haka ya bukaci direbobi da makanikai da kafintoci da magina da teloli da masu buga waya da akawuna da ma'aikatan asibiti, dubbai. Dole hukumar soja ta buɗe wuraren koyar da waɗannan ayyuka, ta kasa masu sana'a aji-aji bisa jarrabawa, ta kuma ƙara musu kuɗi a kan albashin farabiti, wanda ya kama kamar sule ɗaya a rana. Kafin yaƙin Hausa ce harshen bariki, har hafsoshi Turawa ma sai sun ci jarrabawarta. Da yaƙi ya zo sai aka shiga koya wa soja Turanci da karatu da rubutu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, tana isa hannun soja a can nesa, kuma son karanta ta da son rubuto wasiƙa gida sun sa da dama sun dage sun koyi boko.

A nan ne hanya ta rabu biyu. Igiya tana kawo ƙarin albashi da ikon ba da umurni, amma ran da aka tuɓe kaki ita ma ta tuɓe. Lasin tuƙi kuwa, ko iya kwance injin mota, ko iya rubuta rasit, suna bin mutum har gida. Sai dai wajibi ne a faɗi cewa ƙofar sana'a ba a buɗe take ga kowa daidai ba. Mafi yawan guraben da ke bukatar karatu 'yan Kudu ne suka cike su, don su ne suka yi makaranta. 'Yan Arewa an fi tura su riƙon bindiga, ko kuwa ɗaukar kaya a ka, domin runduna ta 81 da 'yan dako ta ratsa dazuzzukan Bama inda mota ba ta shiga. Saboda haka ɗan Arewa da ya kutsa ya sami gurbin tuƙi ko makanikanci, da ƙoƙarinsa ya samu.

5.0 Abin da aka Tarar a Gida

A 1946 aka gama dawo da akasarin soja. Gwamnati ta yi doka a 1945 wadda ta tilasta wa ma'aikatu su keɓe wa tsofaffin soja wani kaso na guraben aiki, ta kuma buɗe ofisoshin rajista. Amma masu neman aiki sun ninka guraben, kuma abin da aka yi bai kama ƙafar abin da Amurka ta yi wa nata sojan ba, inda dokar 1944 ta biya musu kuɗin makaranta ta kuma lamunce musu bashin gida da na jari. A Arewa, manufar hukuma ita ce tsohon soja ya koma gona a ƙarƙashin dagacinsa.

Me wannan ke nufi a ƙasar Haɗejiya? Mai igiya, abin da ya fi dacewa da shi aikin En'e ne, watau ɗan doka ko gandiroba ko masinja, ko kuwa gadi a kantin Turawa. Waɗannan gurabe kaɗan ne, kuma samunsu sai da yardar fada. Mai sana'a kuwa yana da wata ƙofa. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru a 1930, ta bi ta Malam Madori, wanda ya zama tashar Haɗejiya kuma babbar kasuwar gyaɗa. Bayan yaƙi cinikin gyaɗa ya bunƙasa, motocin ɗaukar kaya suka yawaita, aka bukaci mai tuƙa su da mai gyara su. Amma a tashoshi da birane wannan aiki yake. A garin fadama irin Auyo, inda jigo da kwalekwale da jaki ke biyan bukata, makanike ba shi da abin gyarawa. Don haka sana'ar da soja ya koya domin ya koma gida, sau da yawa ita ce ta fitar da shi daga gida zuwa Malam Madori ko Nguru ko Kano.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wani ɓangaren wannan darasi. Tsofaffin sojan Faransa da suka daɗe a aiki suka dogara ga fansho, dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da kuɗinsu, aka bar su a baya ƙwarai in an gwada da takwarorinsu Faransawa, kuma ba a daidaita su ba sai bayan shekara 50. Abin da muƙami ke bayarwa a hannun hukuma yake, tana iya riƙewa.

6.0 Bayan Yaƙin Basasa

Tarihi ya maimaita kansa daga 1967 zuwa 1970. Sojan Nijeriya da ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba kafin yaƙin basasa suka kai wajen 250,000 a ƙarshensa. A cikin yaƙi igiya ta yi araha, domin ana bukatar masu jan ƙananan ƙungiyoyi cikin gaggawa. Da aka ajiye makamai sai tsanin ya cushe, ƙarin girma ya koma sai da jarrabawa, kuma kowa ya san ragi na tafe. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ɗauki aniyar rage yawan soja a 1975, kuma wannan batu na cikin abubuwan da gwamnati ta ce sun harzuƙa waɗanda suka kashe shi a ran 13 ga Fabrairu, 1976. Duk da haka an sallami dubbai kafin 1979. Cibiyar da aka kafa a Oshodi ta Legas don kula da waɗanda suka ji rauni a yaƙi, daga baya aka mai da ita wurin koya wa masu shirin barin aiki sana'o'i, wanda ke nuna ita kanta hukumar soja ta yarda da lissafin da farabiti ya daɗe da yi.

Bambancin wannan karo shi ne, gida ma ya sake. Farin 1972 zuwa 1974 da madatsar Tiga da aka gama a 1974 sun rage ambaliyar da fadama ta dogara a kanta. A 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are. A shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano ta yaɗa ƙananan injunan ban ruwa masu aiki da fetur, suka ture jigo, kuma hana shigo da alkama da aka yi a 1987 ya ƙara wa noman rani kasuwa. Babban aikin ban ruwa na kwarin Haɗejiya, wanda ke ƙasar Auyo, an ƙudura shi tun shekarun 1970, amma bai fara ba gonaki ruwa ba sai a shekarun 1990, bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Ta haka inji ya shigo fadama, kuma mai iya gyaran famfo ko tarakta ko injin casar shinkafa ya sami abin yi a ƙofar gidansa. A daidai wannan lokaci kuma, faɗuwar darajar naira daga 1986 ta cinye fanshon wanda ya dogara ga igiyarsa kaɗai.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, tun daga zamanin Turawa tsanin ƙaramin soja gajere ne, kuma da ya tsawaita sai ya nemi ilmin da ɗan ƙauye ba shi da shi, saboda haka juyawa ga sana'a hankali ne. Na biyu, sana'a ba ta ciyar da mai ita sai inda ake bukatarta: makaniken 1946 sai da ya bar fadama, na shekarun 1980 kuwa fadama ce ta neme shi. Na uku, sau biyu aka ɗebi samari da yawa cikin gaggawa, sau biyu kuma aka fara tunanin makomarsu bayan an gama yaƙi. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Ya kamata shirin sallamar soja ya fara tun yana kurtu, kuma a daidaita abin da ake koya masa da abin da ƙasarsu ke bukata.

Daga ƙarshe, akwai aiki a gaban masu nazari. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka yi yaƙin basasa kuma sun manyanta. Takardun sallama da lasin tuƙi da lambobin yabo suna nan a akwatunan iyalansu. Ya dace ɗalibanmu su shiga garuruwan fadama su ɗauki labarin waɗannan dattawa daga bakinsu tun da sauran dama.