Fargabar magana da Larabci a tsakanin ɗaliban sakandare

Ɗalibai da dama kan haddace ƙa'idojin nahawu da sarfu, su kuma karanta nassi ba tare da tuntuɓe ba, amma da zarar malami ya ce su miƙe su yi magana da Larabci sai baki ya mutu. Masana koyar da harsuna na cewa wannan matsala ce mai zaman kanta, ba lallai ta zamo alamar rashin basira ba.

A shekarar 1986 ne wata masaniya Ba'amurkiya, Elaine Horwitz, da abokan aikinta biyu suka fitar da wani ma'auni mai tambayoyi 33 domin auna irin wannan fargaba. Sun danganta ta da tsoron magana a gaban mutane, da tsoron jarrabawa, da kuma gudun kada a raina mutum.

A Larabci lamarin ya fi tsanani saboda li'irabi. Mai magana sai ya tantance wasalin ƙarshen kusan kowace kalma a daidai lokacin da yake furta ta, kuma rufu'a ɗaya a gurbin fataha kan juya ma'ana. Ga shi kuma harshen Alƙur'ani ne, don haka ɗalibi Musulmi kan ɗauki lahani a matsayin abin kunya babba, sai ya gwammace yin shiru.

Salon koyarwa ma yana da nasa laifin. A ƙasar Hausa, karatun littattafai irin su Ajurumiyya da Alfiyyar Ibnu Malik ya ginu ne kan malami ya karanta ya fassara da Hausa, almajiri na saurare. Hanyar ta fitar da manyan masana nahawu, sai dai ba ta horar da harshe ga hira. Bayan an tashi daga aji kuma babu inda za a yi fusha, domin ko a birnin Alƙahira ba da ita ake ciniki a kasuwa ba.

Malamai kan rage fargabar ta hanyar raba ɗalibai ƙananan rukunoni, da jinkirta gyara har sai yaro ya kai aya. Wasu makarantun kuma muhallin suke ƙirƙira, kamar makarantar kwana ta Gontor da aka kafa a Indunusiya a 1926, inda aka wajabta wa ɗalibai yin Larabci ko Turanci a harkokinsu na yau da kullum.