Mizanin Makaranta a Dutse Uku

Tun kafin a san takardar tambayoyi, mutanen da haƙar kuza ta tara a Jos daga Kano da Bauchi da Barno suna da mizaninsu na auna makaranta, wanda ba a rubuce yake ba. Uba idan ya yi nufin kai ɗansa makarantar allo, sai ya fara binciken a hannun wa malamin ya ɗauki karatu, sa'an nan ya tafi zauren da kansa bayan la'asar, ya lura da yadda gardi yake miƙa allonsa, ko da hannu biyu yana durƙushe ko kuwa a tsaye, ya kuma saurari ƙolaye ko biyawa suke yi ko ihu kawai. Abin da idonsa ya gani na ladabi, shi ne hujjarsa.

Da boko ya kafu, sai sufeto ya gaji wannan aiki da rajista da jan alƙalami. Bayan an kafa Jami'ar Jos a 1975, aka kuma buɗe ilimin firamare kyauta a 1976, azuzuwa suka cika har ido ya kasa kewaye su, sai ɗaliban sashen ilimi suka fara bin makarantu da takardu irin waɗanda Rensis Likert na Amurka ya tsara a 1932, inda malami zai zaɓa tsakanin "na yarda ƙwarai" da "sam ban yarda ba". Ba na raina wannan hanya, domin ta bai wa ƙaramin malami, wanda kunya take hana shi magana gaban hedimasta, damar faɗin gaskiyarsa a ɓoye.

Amma unguwar Dutse Uku ta Jos, inda fitinar Janairun 2010 ta faro bayan ta 2001 da ta 2008, ta nuna mini iyakarta. Da gidaje suka watse, kowa ya koma cikin ahalin addininsa, malamai da yawa suka nemi canjin wurin aiki, ta yadda idan aka tambayi malami a yau ko akwai aminci tsakaninsa da abokan aikinsa, zai amsa da "na yarda ƙwarai", kuma bai yi ƙarya ba, alhali takardar ba ta da gurbin da zai rubuta sunan wanda suka shekara goma suna cin ƙosai a teburi ɗaya, wanda tun wancan Janairu bai sake hawowa unguwar ba.