Salsalar da Ta Ƙi Zama Bishiya

Duk wanda ya taɓa zama da takarda da alƙalami don zana salsalar gidansu ya san inda aikin yake cijewa. Daga kaka zuwa 'ya'yansa layi yana tafiya sumul. Da an iso kan auren zumunci, inda ɗan wa ya auri 'yar ƙane, sai rassa biyu da suka rabu su dawo su haɗe, abin da reshen bishiya ba ya yi. A ganina siffar bishiyar ce ba ta dace da danginmu ba, kuma nacewa a kanta ne ke sa muna share mata daga tarihi.

A lissafi, mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. Amma wanda mahaifansa 'ya'yan wa da ƙane ne, iyayen kakanninsa 6 ne, domin kakanninsa biyu ciki ɗaya suka fito. Nan mai zane yakan rubuta suna ɗaya a wuri biyu, ko ya datse ɓangaren uwa ya huta. Na biyun aka fi yi.

Gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya isa misali. Idan aka bi maza zalla, gidan Sarkin Musulmi da gidan Waziri za su fito kamar zuri'a biyu da aikin mulki kawai ya haɗa. Alhali Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ce matar Waziri Giɗaɗo, ita ta haifi Abdulƙadir da ya gaji wazircin, kuma daga wannan tsatso Waziri Junaidu ya fito. Haka Abdulƙadir ɗan Tafa, marubucin Raudatul Afkar, jikan Shehu ne ta wajen mahaifiyarsa Khadija. Zanen da ya bar waɗannan mata biyu ba zai iya bayyana yadda ilimi da amana suka zauna a gidajen nan ba.

Saki da zawarci sun fi wannan rikita takarda. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi aure huɗu, na farkon na zumunci ne, kuma ba ta haihu ba. A zanen bishiya busasshen reshe ce. Amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta rene su, ta aurar. Ina za a sa waɗannan?

Wani zai ce ai nasaba ta uba ce, sauran ƙari ne. Gaskiya ne da sunan uba ake kiran mutum, sai dai fiƙihu bai tsaya nan ba. Wajen gado ya bambanta shaƙiƙi da li'abi da li'ummi. Agola ba ta gadon mijin uwarta, amma ta haramta gare shi muddin ya tare da uwar, alhali ɗansa na wani ɗakin yana iya aurenta. Shayarwa kuma tana haramta aure ba tare da jini ba. Zanen da ya kasa nuna waɗannan bai amfani alƙali ba, bai amfani likitan da ke bin diddigin sikila a dangi ba.

Shi ya sa nake ganin a rubuta kowane mutum sau ɗaya tak, a mai da aure ya zama mahaɗa, 'ya'ya su sauko daga auren da aka haife su a ciki, ɗaki ɗaki. A sa wa aurarrakin mace lamba bisa jeri, har da kome. Masana gadon halitta suna nuna auren dangi da layi biyu a jere, mu ara. Riƙo da shayarwa a ba su layi mai ɗigo ɗigo. Abin da zai fito ya fi kama da saƙar taru.

Wajen tattara bayanin kuwa, tsofaffin mata za a fara tambaya, su suka san wadda ta shayar da wane da kuma gidan da wance ta fara zama. Mai tambaya ya tafi da wata 'yar gidan, domin tsohuwa tana iya jin nauyin kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai dai a faɗa ta gyaɗa kai.