Riƙon Yara Bayan Saki a Ƙasar Rano: Littafi da Al'ada

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, alƙalan ƙasar nan da Risala da Muhtasar suke yanke hukunci. Maganar Malikiyya kuwa a fili take: in aure ya mutu, uwa ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. In uwar ta sake aure, riƙo ya koma hannun kaka ta wajen uwa. Ci da sha da sutura duk suna wuyan uba.

Amma mu a Rurum da ƙauyukan Rano da Kibiya ba haka muka tashi muka gani ba. Da an yaye yaro, sai uba ya aiko a ɗauke shi, wai ɗa na uba ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gandu yana bukatar hannu, namiji ya yi noma da kiwo, mace ta ɗauki tallan matar uba. Uwa kuwa sai da salla ko biki take ganin ɗanta, shi ma in an ga dama.

An karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, hukuncin riƙo bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne mata sun yi karatun Islamiyya, sun san haƙƙinsu, suna kai ƙara. Har yau dai wasu iyaye maza ba sa tuna suna son riƙon ɗansu sai ranar da alƙali ya yanka musu kuɗin ciyarwa na wata.