Cliveden: yadda teburin masu sarauta ya koma na mai kuɗi

Kimanin kilomita 40 yamma da Landan, bisa wani tudu da ke kallon kogin Tems, akwai wani gida da ake rubuta sunansa Cliveden, masu ƙasar kuma su ce Kilibdin. Yau otel ne. Duk wanda aljihunsa ya kai yana iya kama ɗaki, da almuru ya sa kwat ya sauko, a zaunar da shi gaban tebur mai farin ƙyalle, a riƙa kawo masa abinci kaɗan-kaɗan, faranti bayan faranti, har dare ya raba. Cin mutum guda a irin wannan wuri yana iya lashe albashin wata na malamin kwantaragi a nan. Hotunan irin waɗannan gidaje ne ƴaƴanmu ke gani a salula, su ɗauka haka Bature ke cin tuwonsa kullum. Ni da nake koyar da tarihi, tambayar da nake so mu riƙa jefa musu ita ce: yaya aka yi baƙon da ba a san asalinsa ba ya samu kujera a teburin da, shekara ɗari baya, sai wanda aka gayyata?

Wani babban basarake, George Villiers mai sarautar Bakingham, shi ya fara gini a wurin a 1666. Gidan ya ƙone a 1795, aka sāke shi, ya kuma ƙonewa a 1849. Wanda ke tsaye yanzu na 1851 ne, aikin Charles Barry, magini da ya zana majalisar dokokin Ingila. Duk tsawon wannan zamani ba a sayar da loma ɗaya a gidan. Gonaki ke ciyar da shi: manoma suna biyan hayar ƙasa, basarake yana ciyar da baƙinsa, abin da yake samu kuwa shi ne girma da faɗa a ji.

Yadda ake cin abincin ma yana da tarihinsa. Har wajen tsakiyar ƙarni na 19, a gidajen manya ana jera abinci ne gaba ɗaya bisa tebur, kusan yadda muke yi ranar suna: ga kwanoni nan, kowa ya miƙa hannu ga na kusa da shi. Wannan suke kira tsarin Faransa. Daga baya aka ɗauko tsarin Rasha, inda ake yanka nama a gefe, a kawo wa kowa rabonsa, a kwashe, a kawo na gaba. Miya da farko, sai kifi, sai nama, sai kayan zaƙi. Abinci yana isowa da zafinsa, wannan gaskiya ne. Amma kowane zagaye yana son nasa faranti, nasa cokali, tasa wuƙa, da hannun da zai kawo ya kwashe ya wanke. Tarin cokulan nan da ke rikita baƙo a otel, asalinsu hanya ce ta nuna yawan barorin mai gida. A ƙidayar 1911, fiye da mutum miliyan ɗaya ke aikin barantaka a Ingila, galibinsu mata. Madafa kuwa tana ƙarƙashin ƙasa ko can wani sashe mai nisa, don kada ƙamshin girki ya damu baƙi. Mutum yana iya cin girkin kuku shekara goma bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Abin da ya fara girgiza wannan tsari alkama ce. Daga shekarun 1870 jiragen ruwa suka riƙa sauke alkamar Amurka mai araha, farashi ya faɗi, hayar gonaki ta bi shi. Masu sarauta suka fara sayar da gidaje ga masu sabon kuɗi. A 1893 Cliveden ya faɗa hannun William Waldorf Astor, Ba'amurken da danginsa suka tara dukiya da cinikin fatu da filayen birnin New York. Abin da ke ba ni dariya, a wannan shekarar ce ya buɗe otel ɗin Waldorf a can. Kuɗin masu kwanan haya ya fara shiga gidan tun ba a yi mafarkin zai zama otel ba. A 1897 ya sayo katakon bangon wani ɗaki sukutum daga fadar Asnières kusa da Paris, mai ado da ruwan zinariya, aka kafa shi a Cliveden ya zama ɗakin cin abinci. Tsufan da baƙo ke sha'awa a ɗakin nan, shi ma sayo shi aka yi.

A 1906 ya ba ɗansa gidan kyautar aure. Amaryar, Nancy Astor, ita ce mace ta farko da ta zauna a kujerar majalisar wakilai ta Ingila, a 1919. Ba ta shan giya, kuma ita ta kawo dokar 1923 da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A teburinta su Churchill da Bernard Shaw da Charlie Chaplin suka ci abinci. A ƙarshen shekarun 1930 jaridu suka zargi masu taruwa a gidan da neman a lallaɓa Hitila. Yadda gidan ke tafiya daga ƙasa kuwa, mun fi saninsa ta bakin Rosina Harrison, wadda ta yi wa uwar gidan hidima shekara 35 sannan ta rubuta littafi. Da malamin tarihi zai zaɓi shaida ɗaya ya kai aji, ita zan ce ya ɗauka.

Sai haraji, lanho inji mutanenmu. A 1894 gwamnati ta sa harajin gado, mafi yawansa kashi 8 cikin ɗari. A 1919 ya kai 40, a 1949 ya kai 80. Yaƙin duniya biyu suka kwashe samari, ƴan mata suka gano masana'anta da ofis sun fi barantaka albashi da ƴanci. Gida mai ɗaki ɗari, ba barori, rufi yana yoyo. Ɗaruruwa aka rushe, musamman a shekarun 1950. Iyalan Astor sun miƙa nasu ga National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, tun 1942, bisa sharaɗin su ci gaba da zama. A bakin tafkin ninƙayar gidan ne a 1961 ministan yaƙi John Profumo ya haɗu da yarinyar da ta jawo masa murabus a 1963. Bayan rasuwar mai gidan a 1966 iyalin suka tashi. Jami'ar Stanford ta Amurka ta zaunar da ɗalibanta a ciki shekaru da dama, sannan a tsakiyar shekarun 1980 aka ba da shi haya ya zama otel.

Dabarar ba a nan aka fara ta ba. A ƙarshen shekarun 1940, ana tsaka da rabon abinci da kati, wanda bai ƙare ba sai 1954, Francis Coulson ya buɗe Sharrow Bay a bakin wani tafki a arewacin Ingila, yana dafa wa baƙi da hannunsa. A Faransa, a 1954, masu masauki takwas a kan hanyar Paris zuwa gaɓar kudu suka haɗa kai, abin da ya zama Relais & Châteaux. Lissafin mai sauƙi ne: ba wanda zai tuƙa mota awa uku zuwa ƙauye don gado kawai, amma zai je don girki. Shi ya sa kamfanin taya na Michelin, mai son mutane su yi ta tafiya, ya fara ba gidajen abinci tauraro tun 1926.

A nan kuku ya fito daga ƙarƙashin ƙasa. Raymond Blanc, Bafaranshen da ya fara da aikin kai faranti kuma bai shiga makarantar girki ba, ya buɗe otel a wani tsohon gidan ƙauye kusa da Oxford a 1984, ya samu tauraro biyu. A Cliveden kansa an taɓa laƙaba wa ɗakin cin abinci sunan babban kukun gidan, André Garrett. Iyayen da ke ɓata rai in yaro ya ce zai koyi girki ko aikin otel, su dubi wannan: ɗan madafa ne ke biyan kuɗin gyaran rufin basarake.

Ba na cewa an yi adalci. Ƙofar da asali ke tsarewa, yanzu kuɗi ke tsare ta, kuma jikar mai wanke kwanonin Nancy Astor ba lalle ta iya biyan abincin dare ɗaya a ciki ba. Sai dai lambun yana hannun ƙungiyar, ɗan lakwal yana shiga da tikiti, ginin kuma yana tsaye.

Mu ma muna da ɗan misali. Otel de l'Aïr da ke fuskantar babban masallacin Agadas, fadar Kawusan ce ta zamanin tawayen 1916 zuwa 1917, baƙi kuma sun daɗe suna cin abinci ƙarƙashin bakan gizon zaurenta. Ginin ƙasa ya fi na dutse son kulawa, kowace damina sai yaɓe, wanda duk mai tsohon gida a Birnin Damagaram ya sani. Cliveden yana da attajiran Landan a bakin ƙofarsa. Agadas ta dogara ne ga baƙin da ke zuwa daga ƙetare, su kuma tun tawayen 2007 ƙafarsu ta ɗauke.