Yaƙin Gawakuke

Duk wanda ya san Tsibiri ta kusa da Maraɗi, to ya san garin nan bayan wani mummunan yaƙi anka gina shi.

Alkalawa ta faɗi a 1808, amma Gobirawa ba su miƙa wuya ba. Sarakunan Katsina da anka kora kuwa sunka zauna Maraɗi. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi, Rauda, sunka gama kai da Ibra, wani shugaban Abzinawa, don su yaƙi Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai tsaya jiransu ba. Ya taso da runduna cikin zafin bazara, ya ratsa daji marar ruwa, har ƙishirwa ta kusa karya mutanensa tun ba a ja daga ba. Anka gamu a Gawakuke. Ali ya faɗi, Rauda ya faɗi, sarakuna biyu rana guda! Ibra ya tsira da gudu.

Wanda ya ga ranar sai ya ce an gama da mu. Ina! Bello ya rasu a 1837. Ɗan Mari ya hau gadon Maraɗi, Mayaƙi ya tara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri, garuruwan biyu kuma sunka yi shekaru suna kai hari kudu.